Kalmar fansa da tsofaffin finafinan da munka tashi da su



Akwai wata kalma guda a Hausa da ke ɗauke da kaya uku, ita ce fansa. In an zalunci mutum ya rama, sai mu ce ya ɗauki fansa. In bawa ya tara kuɗi ya biya ubangidansa ya zama ɗa, kakanninmu kan ce ya fanshi kansa. Yau kuwa in anka ce fansa, abin da ke fara faɗo wa mutumin ƙauye a rai shi ne kuɗin da ake harhaɗawa a kai daji don a sako ɗan'uwan da ƴan bindiga sunka ɗauke. Mu da munka tashi da kallon tsofaffin finafinai mun lura cewa kusan dukkansu a kan kalmar nan suke kewayawa: wani ya yi zalunci, wani ya yi tawaye, sannan a ga wace irin fansa za a ƙare da ita. Shi ya sa muka ga ya dace yau mu ɗan waiwaya, don abin da ke cikinsu bai tsufa ba ko kaɗan a ƙasarmu.

Waɗanda sunka kai shekara arba'in sun san gidan kallo na da. Zana ce a kewaye, benci biyu ko uku, sauran jama'a a tabarma ko a ƙasa, tele guda bisa tebur, injin wuta na ta ƙara a baya. Dala biyar ko dala goma ake biya a ƙofa. Kaset ɗin yakan shigo ta Illelar Najeriya, ya sha kallo a Sakkwato har hotonsa ya fara rawa kafin ya iso gare mu. Ba mu jin Indiyanci, ba fassara, amma ba a rasa wani yaro da ya kalli fim ɗin sau goma, shi ne tafinta, yana faɗin abin da za a ce tun ba a buɗe baki ba. Duk da haka ba wanda ya taɓa ruɗewa a kan wane ne azzalumi. Da ya fito, gidan kallo ya ɗauki tsaki.

Mu fara da Mother India, fim ɗin Mehboob Khan na 1957, wanda Nargis ta fito a matsayin Radha. Tushen masifar gidan Radha bashi ne. Surukarta ta ranci rufi 500 wajen mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, don a yi bikin aurenta. Da anka zo biya sai magana ta sauya, takarda na hannunsa, su ba su iya karatu ba, dattawan gari kuma sunka goyi bayansa. Daga nan kashi uku cikin huɗu na abin da gona ta bayar nasa ne, a bakin ruwan kuɗi kawai, uwar kuɗi tana nan ba ta motsa ba. Mijin Radha ya rasa hannuwansa biyu wajen ture dutse a gona, kunya ta sa ya bar gida. Ambaliya ta zo ta share sauran. Radha ta ja garma da wuyanta ta rayar da ƴaƴanta.

Wa zai ce wannan labarin Indiya ne kaɗai? Mun san manomin da ke karɓar buhun hatsi guda a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya bushe, da sharaɗin zai mayar da biyu a kaka. Mun san mai lambun albasa da ke karɓar kuɗin iri da taki da mai tun kafin dashe, sai ranar cira ya tarar farashi ba a bakinsa yake ba, don albasar an riga an saye ta tun tana ƙasa. Albasar Galmi ta yi suna har Abidjan da Accra, amma a tambayi wanda ya kwana yana ban ruwa nawa ke saura a aljihunsa bayan an cire bashi. Ba duk mai ba da rance ba ne azzalumi, da yawa sun ceci gidaje a shekarar yunwa. Abin da fim ɗin ya nuna shi ne inda zaluncin ke ɓuya: lissafi a hannun mutum guda, ɗayan kuma sai dangwala yatsa.

Ɗan Radha, Birju, wanda Sunil Dutt ya fito a matsayinsa, shi ne gwarzonmu a gidan kallo. Ya tashi da wutar abin da anka yi wa uwarsa, ya shiga daji, ya dawo da bindiga da doki da mutane. Da ya kashe Sukhilala, tafi ya ɓarke. Amma fim bai tsaya nan ba. Birju ya sungumi ɗiyar Sukhilala ranar aurenta zai gudu da ita, yarinyar da ba ta ci bashin kowa ba. Uwarsa ta ɗauki bindiga ta harbe shi, ya cika a hannunta. A nan gidan kallo kan yi tsit. Muna yara ba mu so ƙarshen nan ba, mukan fito muna gardama har gida. Manya ne ke cewa ai uwar ta yi daidai, tun da ya taɓa ɗiyar mutane ya fita daga sahun wanda anka zalunta.

Deewaar na 1975 ma hanyar nan ya bi. Uban Vijay shugaban ƙungiyar ma'aikata ne, masu kamfani sunka kama iyalinsa sunka tilasta shi ya sa hannu a takardar da ta sayar da haƙƙin ma'aikata. Jama'a sunka huce a kan yaron, sunka yi masa zane a hannu da ke kiran ubansa ɓarawo, ya girma da shi. Uwarsu ta yi dakon bulo a wajen gini. Vijay, wato Amita kamar yadda muke kiran Amitabh Bachchan, ya yi gogen takalmi, ya zama ɗan dako a tashar jirgin ruwa da lamba 786 a damtse, ya ƙi biyan kuɗin da ƴan ta'adda ke karɓa duk mako daga ƴan dako. A gari irin namu, inda masana'antar siminti ke aiki tun shekarun 1960 kuma yara da yawa iyayensu leburori ne da ƴan dako, wurin nan ya fi ko'ina shiga rai. Sai dai Vijay ya zarce ya zama babban ɗan fasa-ƙwauri, ya sayi gidan da uwarsa ta yi wa dakon bulo, ita kuwa ta ƙi zama cikin dukiyarsa, ta bi ƙanensa ɗan sanda. Ƙanen ne ya harbe shi a ƙarshe.

Abin lura, masu finafinan nan ba su taɓa cewa zaluncin ƙarya ne ba. Sun ba shi lokaci, sun bar mai kallo ya ji zafinsa har maƙogwaro. Amma kuma ba su bar ɗan tawaye ya wuce salin-alin ba in ya juyo kan marar laifi. Wanga darasi muna bukatarsa yanzu fiye da da. Ƴan bindigar da sunka addabi iyakarmu da Sakkwato da Zamfara, in an ba su baki, su ma labarin zalunci suke bayarwa: an sace shanu, an toshe burtali, an ci su tara ba gaira ba dalili. Wani abin daga ciki ya faru da gaske, kuma duk wanda ke son a zauna lafiya dole ya saurare shi. To amma matar da anka ɗauke tana ɗiban ruwa, da tsohon da ya sayar da gonarsa da shanun huɗarsa don ya kai kuɗin fansa, su wa sunka zalunta? Tambayar da Radha ta amsa da bindiga ke nan.

Sai fim ɗin da labarinsa a ƙasarmu ya faru, Sarraounia na Med Hondo, wanda ya fito a 1986. An ɗauko shi daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980. A Burkina Faso anka ɗauke shi zamanin Thomas Sankara, Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya, kuma a 1987 ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Labarin ayarin sojan Faransa ne ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wanda ya taso daga bakin kogin Isa a farkon 1899 da nufin kaiwa tabkin Chadi, yana ƙone garuruwa yana kwasar bayi. A watan Afrilu na shekarar sunka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, cikin Arewa. Ta yi yaƙi, da ta ga ƙarfin bindiga ya fi na baka sai ta janye da mutanenta cikin kurmi, ba ta miƙa wuya ba. A watan Mayu ayarin ya faɗa wa Birnin Konni, ya yi kisan da har yau dattawa ke nuna wuraren da anka zuba gawawwaki. Wannan ba fim ba ne, kakannin wasu da ke karanta rubutun nan suna cikin ramukan.

Ƙarshen ayarin ma abin tunani ne. Da labarin ɓarnar ya kai Faransa, an aiko Kanal Klobb ya karɓi jagoranci. Ranar 14 ga Yuli 1899 Voulet ya sa anka harbe shi kusa da Tasawa, ya kuma shelanta cewa ya fita daga biyayya ga Faransa, zai kafa daularsa. Ba a yi kwana huɗu ba sojojinsu baƙar fata sunka juya masu baki, sunka kashe Chanoine da Voulet. Kaburburansu na Maijirgi. Ka ga a labari guda tawaye iri uku: na Sarauniya da ta ƙi ba da garinta, na Voulet da ya bijire wa manyansa don ya samu sararin yin zalunci ba mai tsawata masa, da na sojojin da sunka yi ta harbin ƴan'uwansu wata da watanni kafin su ce ya isa. Don haka jin an ce wane ɗan tawaye ne bai isa a yi masa tafi ba, sai an tambaya wa ya bijire wa kuma don me. Kada kuma mu manta, mutuwar mutum biyun nan ba ta tsayar da komi ba: sauran ayarin ya ci gaba, kafin watan ya ƙare ya ci Damagaram.

Fansa ta biyu, ta bawa da ke neman zama ɗa, a Shaihu Umar muka gan ta. Adamu Halilu ne ya shirya fim ɗin a 1976, da Hausa, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Zaluncin farko a fada ya faru: mahassada sunka ƙulla wa Makau, mijin uwar Umar, sharri wajen sarki, anka kore shi daga gari. Daga nan anka sace yaron, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetara da shi hamada, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar kuwa ta bi sawun ɗanta, a hanya anka mayar da ita baiwa, ta sha azaba, ba ta sake ganinsa ba sai tana gab da cikawa. Umar bai ɗauki takobi ba. Ya dawo ƙasar Hausa ya zauna yana karantarwa. Wasu kan ce fim ɗin ya yi sanyi da yawa, ya bar komi ga ƙaddara. Mu dai abin da ya tsaya mana a rai uwar ce. Ɗan ya samu ilimi da daraja, ita kuwa ba wanda ya biya ta ko kwana guda na wahalarta. An gyara fim ɗin an sake nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018, alhali yawancin yaranmu ko sunansa ba su taɓa ji ba.

In wani ya ce wannan zancen zamanin ayarin raƙuma ne, sai mu tuna masa Hadijatou Mani. A yankinmu na Konni anka sayar da ita a 1996, tana da shekara 12, a kan jaka 240, ta zama wahaya, wato macen da ake ajewa bayan mata huɗu ba aure ba sadaki, ga aikin gida ga na gona. A 2003 Nijar ta yi dokar da ta mayar da bauta babban laifi. A 2005 anka ba ta takardar ƴanci, amma da ta tafi ta auri wanda take so sai anka kai ta ƙara cewa ta yi aure kan aure, har anka yanke mata wata shida. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai maganar kotun CEDEAO, wadda ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce ƙasa ta kasa kare ta daga bauta, ta sa a biya ta miliyan 10 na sefa. Ba ta shiga daji ba, ba ta ƙone gidan kowa ba. Ta tsaya gaban alƙalai ta faɗi abin da anka yi mata, kuma hukuncin ya zama abin kafa hujja ga wasu matan. Da a fim ne, da a nan za a sa kiɗa a rubuta ƙarshe. A zahiri har yanzu ana raɗe-raɗin gidajen da ke da irin matan nan tsakanin Konni da Illela da Madawa, kuma ɗiyan da sunka haifa na ɗauke da gorin. Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, nauyin duka ya dawo kan kotunanmu na gida, da sarakunanmu, da malamanmu, da mu maƙwabta da ke gani mu kau da kai.

Akwai kuma fansar da mutum ke yi daga hannun kansa. Oumarou Ganda, ɗan ƙasarmu da ya yi aikin soja a yaƙin Indochine, ya shirya Cabascabo a ƙarshen shekarun 1960. Tsohon soja ne ya dawo Yamai da kuɗi, abokai da maroƙa da mata sunka kewaye shi, kuɗi na ƙarewa kowa ya watse. Ya nemi aiki, girman kai da raini sunka hana shi zama. A ƙarshe ya saɓa kayan noma ya nufi karkara. Ba harbi, ba jini, amma duk gidan da ke da ɗan da ya tafi bida Libiya ko Aljeriya ko Legas ko wajen haƙar zinariya a Jado ya san labarin nan. Wani ya dawo da abin hannu ya ƙare cikin wata uku, wani ya dawo hannu rabbana, kunya ta hana shi fitowa fada. Ganda ɗin nan shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya auri yarinyar da anka riga anka yi wa wani alkawarinta, don yana da kuɗi iyayenta kuma ba su da shi. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Yau a tambayi ɗan lakwal a Malbaza wane ne shi a ji.

Ba muna cewa finafinan yanzu duka banza ba ne. Fassarar Hausa da ake yi wa finafinan Indiya ta sa yara suna jin maganar da mu a da sai dai mu yi hasashe, kuma Kannywood ta yi finafinan da sunka taɓa cin amanar marayu da auren dole. Abin da ya sauya shi ne yadda ake kallo. Yanzu kowa da salularsa, kowa a lungunsa, kuma abin da ya fi yawo guntaye ne na minti biyu: wurin da jarumi ya karkashe mutum talatin. An yanke abin da ya kai shi ga haka, an yanke abin da ya biyo baya. Yaron da ya ga Birju bisa doki da bindiga bai ga uwarsa tana kuka a kan gawarsa ba, rabin labari ya gani, kuma rabin da ya fi haɗari. A gidan kallo na da, dole ka zauna awa uku har ƙarshe tun da ka biya dalarka, sannan ka fito ka tarar da manya a bakin hanya da za su ja da kai.

Shi ya sa muke da roƙo ga masu fada, da malaman lakwal, da gidajen rediyonmu, da masu kula da gidan matasa. Finafinan nan ana samunsu, wasu suna kan intanet, wasu suna hannun masu tura finafinai a kasuwa. Ko sau ɗaya a wata a kafa majigi ko babbar tele, a sa Sarraounia ko Shaihu Umar ko Mother India daga farko har ƙarshe, a samu mai fassara inda ake bukata. In an gama kada a watse. A ɗora shayi, a gayyato dattijon Konni da ya ji labarin 1899 daga bakin kakansa, a gayyato manomin da ya san zafin bashin damina, a bar mata su ma su yi magana, don a finafinan nan duka su ne sunka fi ɗaukar kaya. A tambayi samari: in kai ne Birju me za ka yi, in kuma ƙanwarka ce ɗiyar Sukhilala fa?

Ga masu rance da masu karɓa kuma, abu guda mai sauƙi da Radha ba ta samu ba: duk bashin da za a ƙulla, a rubuta shi da harshen da kowa ke ji, boko ko ajami, a gaban shaidu, kowa ya riƙe tasa takardar. Addininmu ma haka ya yi umarni. Rigingimu da yawa da ke ƙarewa a gaban mai gari ko a jandarmari daga rashin wannan suke tasowa.

Allah ya jiƙan waɗanda sunka kwanta a Konni da Lugu, ya kuɓutar da ƴan'uwanmu da ke hannun ƴan bindiga, ya ba mu damina mai albarka da zama lafiya. A gaida mutan gida.